Shayi, Kofi, Goro Da Ciwon Fargaba: Yadda Za Ka Gano Iyakarka Ka Kuma Rage

Da zarar hunturu ya sauka a Jos, tambayar nan sai ta yawaita: mai fama da fargaba, shayi nawa ya dace ya sha a rana? Kofi fa? Goro fa? Mafi yawan masu tambayar sun riga sun ga likita, an ce musu su rage, amma ba a ce su rage zuwa nawa ba, ba a kuma nuna musu ta inda za su fara ba. A garin da sanyin asuba ke sa mutum ya nufi teburin mai shayi tun kafin ya gaisa da maƙwabci, "ka rage" ita kaɗai ba ta isa shawara ba.

Sinadarin da ake magana a kai shi ne kafeyin, kuma ana auna shi da miligiram. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Tarayyar Turai sun yi ittifaƙi cewa miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya. Ta Turai ta ƙara da cewa abin da za a sha a zama ɗaya kada ya wuce 200. To amma wannan lissafin na masu lafiya ne. Wani nazari da aka fitar a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan masu ciwon firgici, ya nuna cewa kimanin rabinsu firgicin ya taso musu bayan an ba su kafeyin da ya kai kusan miligiram 480, alhali da wuya hakan ya faru ga masu lafiya. Saboda haka mai fargaba ya cire 400 daga ransa. A ganina abin da ya dace ya sa a gaba shi ne ƙasa da 200 a yini, ƙasa da 100 a zama ɗaya. Wanda kuwa firgici ke kama shi farat ɗaya har ya ji kamar ransa zai fita, ya fi masa alheri ya sauka har zuwa sifili na ɗan lokaci. Ainihin iyakarka jikinka ne zai nuna maka, kuma ga yadda ake gano ta cikin kamar mako shida.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin littafi da biro, kofi ɗaya da cokalin shayi ɗaya da ba za ka riƙa canza su ba, sai agogo ko waya.

1. Fara da asibiti, ba da teburin mai shayi ba

Bugun zuciya, rawar hannu, gumi da rashin barci ba kafeyin kaɗai ke kawo su ba. Ƙarancin jini na kawo su, faɗuwar sukari na kawo su, haka ciwon da ke sa ƙwayar tayirod ta maƙogwaro yin aiki fiye da kima, haka wasu cututtukan zuciya. Idan ba a taɓa duba ka ba, ka je a auna hawan jini, a yi gwajin yawan jini da na sukari. In likita ya ga dama zai ƙara da gwajin tayirod da na bugun zuciya. A Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato. Kuɗin kati da na gwaji su ne mafi tsada a dukkan wannan aiki, don haka ka tambayi farashi kafin a ɗebi jini, ka fara da waɗanda likita ya ce sun fi muhimmanci.

*Gargaɗi:* in an riga an ɗora ka kan maganin fargaba, kada ka tsayar da shi don ka fara rage shayi. Rage kafeyin taimako ne ga magani, ba madadinsa ba.

2. Gano duk ƙofofin da kafeyin ke shigo maka

A nan ne akasarin mutane ke tafka kuskure. Mutum zai rantse maka shi ba ya shan kofi, kuma gaskiya ya faɗa, amma in ka bi yininsa daga asuba zuwa dare sai ka tarar ya zarce mai shan kofi uku. Ga ƙiyasin da za ka yi aiki da shi:

- Shayin ganye baƙi irin su Lipton, kofi ɗaya: miligiram 40 zuwa 75, gwargwadon daɗewar ganyen a ruwa.
- Koren shayi, kofi ɗaya: kimanin 30.
- Garin kofi irin su Nescafé, cikakken cokalin shayi ɗaya: tsakanin 50 da 100.
- Kofi da aka dafa daga niƙaƙƙiyar ƙwaya: 95 zuwa 140.
- Coca-Cola, kwalba mai mililita 350: kimanin 34. Babbar roba mai 500: kusan 50.
- Red Bull, gwangwani mai mililita 250: 80.
- Panadol Extra: 65 a kowace ƙwaya, wato 130 in ka haɗiye biyu.

Lemukan ƙara kuzari da ake sayarwa a roba su ne suka fi yaudara. Da yawansu suna ɗauke da kusan miligiram 32 a kowane mililita 100, kuma haka ake rubutawa a jikin robar da ƙananan haruffa. Mutum ya ga 32 sai ya ce ai kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne: in robar mai mililita 500 ce, ka ninka sau biyar, ka shanye 160 ke nan a tsaye a bakin titi. Ka juya robar ka nemi kalmar caffeine, ka duba ko adadin na mililita 100 ne ko na robar gaba ɗaya. In ka ga guarana a jerin kayan haɗin, shi ma kafeyin ne a cikinsa.

Goro ba ya zuwa da rubutu a jiki, shi ya sa ake mantawa da shi. Busasshen goro yana ɗauke da kafeyin kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa, don haka babban goro guda zai iya kai kofin kofi ko ya wuce. Ka lissafa babba a matsayin 100 zuwa 150, ɓari guda kuma rabin haka. Dattijon da ke ɓantarar goro tun hantsi har la'asar yana iya cinye uku bai lura ba.

Shayin Buzaye ma haka. Koren ganye ne, amma ana zuba shi da yawa, a tafasa shi ya daɗe a ƙaramar buta kan gawayi. Ƙanƙantar kofin kada ta ruɗe ka. Zagayen farko shi ne mafi ƙarfi.

Ɗauki misalin mai tuƙa keke da ke ɗaukar fasinja tsakanin Terminus da Farin Gada. Da asuba ya sha shayi mai ganye biyu da cokalin Nescafé, kusan 160 ke nan. Da hantsi ya ci ɓarin goro, 60. Bayan azahar barci ya fara fizgarsa, ya sha robar lemon kuzari, 160. Da la'asar kansa ya sara, ya haɗiye Panadol Extra biyu, 130. Da dare a majalisa aka miƙo masa shayin Buzaye, a ce 60. Jimla 570. Wannan bawan Allah in ya kwanta zuciyarsa na dukan uku-uku, zai ce sammu ne ko hawan jini, ba zai taɓa kawo shayi a ransa ba.

*Gargaɗi:* madara da sukari ba sa rage kafeyin ko kaɗan, ɗacin kawai suke ɓoyewa. Shayin rage ƙiba da mata ke saya a kasuwa ma galibi akwai koren shayi a cikinsa. Sannan wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna sa bugun zuciya da rawar jiki ko da babu kafeyin a cikinsu, don haka ka faɗa wa mai kemis kana da fargaba kafin ya haɗa maka.

3. Mako guda kana rubutawa, ba ka canza komai ba

Ka ja layi huɗu a littafinka: lokaci, abin da ka sha, adadin kafeyin, da yadda ka ji. Duk abin da ya shiga bakinka ka rubuta nan take, kada ka bari sai dare, domin za ka manta goron da aka ba ka a ƙofar masallaci. Kafeyin yana kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa 60, saboda haka bayan awa ɗaya ka ba fargabarka maki daga 0 zuwa 10. Da safe ka rubuta ƙarfe nawa barci ya ɗauke ka da sau nawa ka farka.

Kada ka fara ragewa a wannan makon, ko da jimlar ranar farko ta tayar maka da hankali. Kana buƙatar sanin inda kake tsaye kafin ka san ko ka matsa.

*Gargaɗi:* in kana son ƙirga bugun zuciya, ka yi sau biyu kacal a rana, kana zaune: yatsa biyu a wuyan hannu na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Tsakanin 60 da 100 daidai ne ga baligi. Mai fargaba in ya kama duba bugun zuciyarsa kowane minti goma, dubawar kanta za ta zame masa sabon abin tsoro.

A ƙarshen mako ka duba abu uku: jimlar kowace rana, sha mafi girma a zama ɗaya, da sha na ƙarshe kafin kwanciya.

4. Duba ko akwai abin da ke riƙe kafeyin a jikinka

Ga yawancin mutane, hanta na ɗaukar kusan awa 5 kafin ta rage kafeyin zuwa rabi. Amma akwai abubuwan da ke ja wa wannan aiki birki, kuma in ɗaya ya shafe ka, iyakarka ta yi ƙasa da ta abokinka ko da tare kuke sha.

'Yar'uwa, in kina da juna biyu, kafeyin na daɗewa a jikinki sosai, a watannin ƙarshe yana iya ninka lokacinsa har sau biyu ko uku. Iyakar da likitoci suka sa wa mai ciki ita ce 200 a rana ko da ba ta da fargaba. In kina shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu haɗin sinadarai biyu, su ma suna kusan ninka lokacin. Mai shayarwa kuma ta sani wani ɓangare na ratsawa cikin nono.

Sai maganin ciprofloxacin, wanda ake yawan rubuta wa mutane a nan in an ce taifod. Yana hana hanta sarrafa kafeyin da sauri. Shayin da ka saba sha lafiya lau sai ya hana ka barci, ya sa hannunka rawa, ka ɗauka cutar ce ta tsananta. Muddin kana kan wannan magani, ka rage shayi sosai. Fluvoxamine, ɗaya daga cikin magungunan da ake bayarwa don damuwa, ya fi shi ƙarfi wajen riƙe kafeyin. Mai ciwon hanta ma ya yi taka-tsantsan.

Sigari akasin haka take yi, tana sa jiki ya ƙone kafeyin da wuri. Abin lura shi ne ranar da mutum ya daina shan taba, shayin da ya saba zai fara yi masa ƙarfi kusan ninki. In kana shirin barin taba, ka rage shayi tare da ita.

Yara da matasa lissafinsu daban ne: hukumar Turai ta sa miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki. Yaro mai kilo 40 iyakarsa 120, wato robar lemon kuzari guda ta riga ta wuce masa.

5. Soma yanka daga yamma

Mako na biyu ba ka taɓa shayin safe. Abin da za ka yi guda ɗaya ne: daga sallar azahar, babu kafeyin.

Ga dalili. Wanda ya sha 160 da ƙarfe 4 na yamma, da ƙarfe 9 na dare akwai sauran kusan 80 a jininsa, da ƙarfe 2 na dare akwai kusan 40. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. Rashin barci kuwa shi ne babban abincin fargaba. Ka kwana ido biyu, ka tashi a gajiye, ka ƙara cokali a shayin safe, da dare ka sake kasa barci. Kafeyin ba ya ƙara wa jiki ƙarfi, saƙon gajiya kawai yake tarewa kada ya isa ƙwaƙwalwa, kamar direban da ya manna takarda kan fitilar da ke nuna mai ya kusa ƙarewa.

Mutane da yawa wannan matakin kaɗai yake kawo musu sauƙin da suke nema. In aikin dare kake yi, kamar masu gadi ko ma'aikatan asibiti ko direbobin dogon zango da ke tashi daga tashar Bauchi Road, ka bar maganar azahar, ka ƙirga awa 8 baya daga lokacin da kake kwanciya.

*Gargaɗi:* kada ka kwashe na yamman ka ɗora a kan na safe. Sha mai yawa a zama ɗaya shi ya fi tayar da firgici. Kuma direban da barci ke fizga a hanya ya tsaya ya kwanta, ko yana rage kafeyin ko ba ya ragewa.

6. Rage kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako

Yanzu ka dawo kan jimlar. In kana shan 400, mako na uku ka sauko 300, na huɗu 200, na biyar 100. In ka fara daga sama da haka, ƙara mako ɗaya ko biyu, babu mai kora.

Tsarin da za ka bi wajen cirewa yana da muhimmanci. Fara da lemon kuzari, domin shi ne mai yawa kuma ana shanye shi da sauri. Sai maganin ciwon kai mai kafeyin: ka koma farasitamol zalla, wanda babu Extra a sunansa. Sai garin kofi da ake barbaɗawa a shayi, daga cikakken cokali zuwa rabi, daga rabi zuwa babu. Shayin safe shi za ka bari ƙarshe, don shi ne ya fi shiga rai.

Shi kansa shayin akwai dabarar sassauta shi. Ganye ɗaya maimakon biyu. A tsoma shi minti ɗaya a cire, kada a bar shi yana iyo har ka gama sha, kada kuma a matse shi da cokali a gefen kofi. A wurin mai shayi ka faɗa tun kafin ya ɗaga buta: "Malam, ganye ɗaya, kada ya daɗe, ban da Nescafé." In shayinsa irin wanda ake dafa ganyen a babbar buta ne tun asuba, ka ce ya zuba rabi ya cika da ruwan zafi. Kwana uku kana faɗa, zai riƙe. Kuma ka ci wani abu tukuna, ko burodi ko ƙosai ko dankalin Turawa, domin kofi a cikin da babu komai yana shiga jini da sauri, ga rawar yunwa ta haɗu da tasa.

Goro kuwa, ka ɓantari abin da za ka ci da safe, sauran ka bar shi a gida. Goron da ke aljihu ba ya kai yamma.

*Gargaɗi mai girma:* kada ka yanke gaba ɗaya rana guda. Jikin da ya saba in aka katse masa, alamun janyewa na farawa bayan awa 12 zuwa 24, su tsananta a kwana na ɗaya zuwa na biyu, su kan ɗauki kwana 2 zuwa 9. Ciwon kai mai sara, kasala, saurin fushi, rashin tattara hankali, wani har tashin zuciya da ciwon jiki kamar zazzaɓi zai kama shi. Ga mai fargaba wannan tarko ne, domin zai ga abin ya ƙaru sai ya ce ashe shayin ne ke taimakonsa, ya koma ya ninka. Wasu kuma su nufi kemis a ba su maganin maleriya ba tare da gwaji ba. In ka ji ciwon kai a kwana biyun farko na sabon mataki, ka sha ruwa, ka sha farasitamol zalla, ka jure. In ya gagara, koma matakin baya ka ƙara mako guda a kai, sannan ka sake gwadawa da ragi ƙarami.

Wannan ciwon kan shi ne wanda mutane da yawa ke fama da shi a ranakun farko na azumin Ramadan. Mai hikima ya fara wannan ragin tun watan Sha'aban. Haka masu azumin coci su fara tun kafin lokacin ya zo. Kuma a guji cika ciki da shayi mai kauri bayan buɗa baki, domin daren ya riga ya gajarta.

7. Cike gurbin da abin da ba ya tayar da zuciya

Rabin abin da ke kai mutum teburin mai shayi ɗumi ne da hira. Waɗannan ba sai ka rasa su ba. Ruwan zafi da citta da kanumfari da ɗan lemon tsami yana kore sanyin Jos fiye da Lipton, kuma babu kafeyin a cikinsa. Na'a-na'a ma haka. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, koko, zoɓo mai ɗumi, madara da ruwan zafi, duk babu. Milo da Bournvita akwai ɗan kaɗan saboda koko ɗin cakulan da ke ciki, amma bai kai a damu ba sai ga wanda ke neman sifili. A ɓangaren lemo, Fanta da Sprite da Maltina ba su da shi, sai dai a kula da sukari.

Kofi da aka cire wa kafeyin ana samunsa a manyan kantuna, ya fi na gama-gari tsada, kuma akwai saura kaɗan a ciki, kamar miligiram 2 zuwa 15 a kofi. Ga wanda ƙamshin kofi ne ya kama shi, kuɗin bai tafi a banza ba. Ga sauran mutane citta ta wadatar. In ka yi lissafi ma riba za ka gani: a ce kana sayen lemon kuzari na naira 500 sau biyu a rana, naira 30,000 ke nan a wata, abin da zai sayi citta da kanumfarin watanni har ya biya kuɗin ganin likita.

Abin da ya fi wuya shi ne mutane. A wurin ɗaurin aure ko suna, dattijo ya miƙo maka goro, ba a cewa a'a. Ka karɓa da hannu biyu, ka ce "Na gode, Baba, Allah ya sa albarka," ka sa a aljihu, in ka isa gida ka ba wanda ke ci. A majalisa in ana zagayen shayin Buzaye, ka bar na farko da na biyu su wuce, ka karɓi na uku in kafin azahar ne. In an matsa, "likita ya hana ni" ta ishe ka, ba sai ka buɗe wa kowa cikinka ba. Na san akwai masu jin nauyin a san suna da fargaba, kuma ina ganin bai kamata wannan nauyin ya sa mutum ya ci gaba da shan abin da ke hana shi barci ba.

Ɗaliban Jami'ar Jos da ke Naraguta da na sauran makarantu, lokacin jarrabawa ne gwajinku. Haɗa garin kofi da lemon kuzari don a kwana karatu shi ne hanya mafi sauri zuwa firgici a ɗakin jarrabawa. Barcin awa shida da shayi ɗaya da safe ya fi muku amfani.

8. Gwada ka ga iyakarka

Bayan ka kai 100 ko sifili, ka zauna a nan mako biyu cur kana ci gaba da ba fargabarka maki. Sai ka kwatanta da makon farko.

In makin ya sauka sosai, barci ya gyaru, to kafeyin na da hannu. Kana iya tsayawa a nan. In kuma kana son sanin ko za ka iya ɗan ƙarawa, ka zaɓi ranar da hankalinka ke kwance, ka yi barci mai kyau, ka karya kumallo, sannan ka sha abin da bai wuce 50 ba. Ka lura da kanka bayan awa ɗaya da kuma daren ranar. In lafiya, ka zauna a kan haka kwana uku kafin ka ƙara wani 50. Duk matakin da ka ji ƙirjinka ya fara bugawa, ko hannu na rawa, ko tunani na gudu ba birki, ko barci ya ƙi zuwa, ka wuce iyaka. Matakin da ke ƙasa da shi shi ne naka. Rubuta shi a bangon littafin.

Iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya. Ranar da ka kwana ba barci, ko gari ya ɗauki zafi ana zaman ɗar-ɗar, ko kana da rashin lafiya a gida, ka sauko ƙasa da ita. Mata da yawa kuma sukan ga fargaba ta ƙaru a kwanakin da al'ada ke gabatowa, su ma su sassauta a lokacin.

In kuwa ka sauka har sifili mako biyu amma makin bai motsa ba, ka ɗauki littafin ka kai wa likita. Ka rage masa aiki, domin ka riga ka cire abu ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi, kuma ciwon fargaba yana da magani, na sha da na zaman tattaunawa da ƙwararre.

9. In an riga an sha ya wuce kima

Zai faru wata rana, ko a biki ko a tafiya. Kada ka ƙara komai mai kafeyin a ranar, har da maganin ciwon kai mai shi. Ka sha ruwa, ka ci abinci, ka fita ka taka a hankali na minti goma sha biyar. Ka zauna ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita na 'yan mintuna. Ruwa ba ya wanke kafeyin daga jini, hanta ce ke aikinta, amma mafi tsananin abin yakan lafa cikin 'yan awanni. Ka duba agogo ka tuna wa kanka ƙarfe nawa ka sha, domin sanin dalilin bugun zuciyar yana rage tsoronsa.

*Gargaɗi:* kada ka nemi diazepam a kemis, ko maganin tari mai sa barci, ko giya, don ka kwantar da abin. Wannan hanya ce ta kamuwa da wata jarabar da ta fi ta shayi wuyar bari. Haɗa lemon kuzari da tramadol ko da giya kuwa haɗari ne na gaske.

Akwai alamun da ba a jira da su a gida: ciwon ƙirji mai danna ko mai ratsawa zuwa hannu ko muƙamuƙi, bugun zuciya da ke tsalle ba tsari kuma ya ƙi daidaita, suma, amai ba tsayawa, ruɗewa, ko jijjiga. Hukumar Amurka ta ce kusan miligiram 1,200 da aka sha cikin ɗan lokaci na iya kawo jijjiga. In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, wani ne zai tuƙa ba mara lafiyar ba, a kuma tafi da robar ko kwalin abin da ya sha don likita ya ga adadin da idonsa.